Murar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: abin da awon iskar naitirik oksayid a hanci ke iya faɗa game da alaji da ciwon sainos

Wanda hancinsa ya yi wata da watanni a toshe ya san yadda zancen ke tafiya. Mai kemis zai ce mura ce, ya miƙo ƙwayoyi da maganin ɗigawa. Idan ba ta tafi ba, a gida a ce sanyi ne ya kama shi, abokin aiki ya ce alaji ne, wani kuma ya ce ai sainos ne. Kowanensu zai iya dacewa, domin alamomin kusan iri ɗaya ne: toshewa, majina, atishawa, nauyin fuska, raguwar jin ƙamshi. Amma cututtukan da ke ƙarƙashinsu daban-daban ne, maganinsu ma haka. Tun shekarun 1990 likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ke neman wani awo mai sauƙi, babu allura babu yanka, wanda zai raba musu gardama. Wanda aka fi ɗora wa buri shi ne awon wata iska da jikin mutum ke haɗawa da kansa, naitirik oksayid, wadda ake taƙaitawa da NO.

Da can an san wannan iska ne a matsayin gurɓatacciyar aba da ke fita daga salansar mota da hayaƙin masana'anta. A 1987 aka tabbatar cewa ita ce saƙon da fatar cikin jijiyar jini ke aikawa don jijiyar ta saki ta buɗe, kuma a kan wannan aiki Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka karɓi kyautar Nobel a 1998. Labarin hanci kuwa daga Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin ya taso. A 1991 Lars Gustafsson da abokan aikinsa suka gano iskar a numfashin da mutum ke fitarwa. A 1993 aka ga ta fi yawa a numfashin masu ciwon asma. A 1995 Jon Lundberg da tawagarsa suka nuna cewa babban rumbunta yana cikin sainos, wato ramukan iska da ke cikin ƙashin fuska.

Ramukan nan nau'i huɗu ne, kowanne hagu da dama: na cikin kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da na can ciki a bayan hanci. Kowane rami yana haɗe da hanci ta wata 'yar ƙofa da faɗinta bai wuce 'yan milimita ba. Ta ramin kumatu ma a sama take, don haka majina ba ta gangarowa da kanta, sai wasu siraran gasu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira siliya, sun yi ta kaɗawa suna tura ta sama har ta fita. Fatar cikin ramukan tana haɗa NO dare da rana daga wani sinadari mai suna ajinin. Ana auna iskar da ma'aunin ppb, wato kashi ɗaya cikin biliyan. A numfashin huhun lafiyayyen baligi yawanci ba ta kai 25 ba. A hanci ana samun ɗaruruwa. A cikin sainos kuwa dubbai ne, har wani lokaci tana kusantar kashi 20 cikin miliyan, adadin da ake shaƙa wa jarirai masu hawan jinin huhu a matsayin magani. Aikinta a wurin shi ne hana ƙwayoyin cuta sakewa da ƙara wa siliya saurin kaɗawa.

Yadda ake awon

Majiyyaci yana zaune, a toshe masa ƙofar hanci ɗaya da wata 'yar roba mai siffar zaitun da ke haɗe da siririn bututu, ɗaya ƙofar a bar ta a buɗe. Na'ura tana zuƙo iska a hankali, da ƙayyadadden gudu, ta shigo ta buɗaɗɗiyar ƙofar, ta zagaya bayan hanci, ta fito ta bututun. Wahalar ita ce hana iskar huhu shigowa ta tsarma ta hanci. Shi ya sa ake sa mutum ya riƙa hura iska ta baki cikin wani abu mai ɗan tauri, domin yin haka yana ɗaga hanɗa, naman nan mai laushi inda beli ke rataye, ya rufe tsakanin baki da hanci. A fuskar kwamfuta za a ga layi yana hawa har ya daidaita, a nan ake ɗaukar adadi, sannan a maimaita a ɗaya ɓangaren. Ƙaramin yaro ba ya iya wannan dabara, sai dai a auna shi yana numfashinsa na yau da kullum, kuma sakamakon bai kai wancan inganci ba.

Na'urorin iri biyu ne. Babbar tana haɗa NO da iskar ozon, haɗuwar ta fitar da ɗan haske, a auna hasken. Ta fi daidaito, amma tana da tsada, ko a Turai sai manyan cibiyoyi. Ƙaramar ta hannu, irin NIOX VERO, ta fi araha da sauƙin ɗauka. A 2005 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka da takwararta ta Turai suka fitar da ƙa'idojin awon, amma har yau adadin da aka samu da wata na'ura ko wani gudun zuƙa ba ya kwatantuwa kai tsaye da na wata.

Inda gizo ke saƙa

A mai alajin hanci, idan abin da jikinsa ba ya so ya shiga, garkuwar jiki tana sakin wasu saƙonni, musamman IL-4 da IL-13. Waɗannan suna umartar fatar hanci ta ƙara haɗa NO. Saboda haka idan aka tara masu alaji a gefe ɗaya, masu lafiya a ɗaya gefen, aka ɗauki matsakaicin kowane rukuni, galibi na masu alaji ya fi yawa. Idan aka ba su maganin fesawa mai sitiroyid, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi, adadin ya sauko. Har nan lissafi ya fita daidai: kumburi ya ƙaru, iska ta ƙaru.

Sai aka auna masu daɗaɗɗen ciwon sainos, musamman waɗanda tsiron nama ya cika musu hanci. Kumburinsu ya fi na mai alaji tsanani, kuma a yawancinsu irin saƙonnin nan ne dai na IL-4 da IL-13 ke aiki. Kowa zai zata adadinsu zai yi tashin gwauron zabo. Abin da aka tarar akasin haka ne: ya faɗi ƙasa da na lafiyayyu, kuma gwargwadon girman tsiron gwargwadon faɗuwar.

Dalili na farko shi ne ƙofar nan. Kamar mace ce ta sa turaren wuta a uwar ɗaka, kai kuma kana zaure: ƙamshin da zai iso maka ya danganta da yawan turaren, ya kuma danganta da ko ƙofar ɗakin a buɗe take. Na'urar a hanci take tsaye, rumbun iskar kuwa yana cikin sainos. Tsiro ko kumburi ya toshe ƙofa, majina ta cika ramin, iskar ba ta da hanyar fitowa. Dalili na biyu, fatar ramin da ta daɗe tana ciwo tana lalacewa, haɗa iskar ya ragu. Na uku, kumburi yana fitar da wasu sinadarai da ke cinye NO nan take kafin ta kai ko'ina.

Ke nan adadi ɗaya yana amsa tambayoyi biyu a lokaci guda: nawa ake haɗawa, kuma hanya a buɗe take ko a rufe? Alaji yana ɗaga shi, toshewa tana sauke shi. A ɗauka ga mutum mai alaji mai tsanani wanda kuma ƙofofin sainos ɗinsa sun fara toshewa. Ɗaya ya ja sama, ɗaya ya ja ƙasa, na'ura ta nuna adadi irin na mai ƙoshin lafiya, alhali cuta biyu yake ɗauke da su. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa binciken da aka yi a kan masu alajin hanci bai zo da murya ɗaya ba: wasu sun ga ƙari, wasu ba su ga bambanci ba. Haka kuma magani guda yana iya juya adadin ta fuska biyu. Sitiroyid yana sauke shi a mai alaji zalla, amma a mai tsiron hanci, idan tsiron ya motse ko aka cire shi da tiyata, adadin hawa yake yi, kuma hawan nan alamar sauƙi ce. Likitan da ya kalli lambar bai leƙa hancin ba zai iya karanta ta a baibai.

Masu binciken Karolinska sun nemi dabarar raba tambayoyin biyu, kuma dabarar tana da ban sha'awa. A 2002 Eddie Weitzberg da Jon Lundberg suka nuna cewa idan mutum ya rufe baki ya fitar da sauti ta hanci, sautin da masu tajwidi ke kira gunna, yawan NO da ke fitowa yana ninkawa kusan sau 15 a kan na numfashin shiru. Girgizar sautin ce ke kaɗa iskar cikin ramukan ta fito waje. A shekarar da ta biyo baya suka ba da rahoton cewa masu tsiron hanci da ƙofofinsu suka toshe ba sa samun wannan tashi. Wato gwajin gunna yana gwada ƙofar ne kai tsaye. Sai dai har yanzu ya fi zama a ɗakunan bincike fiye da asibitin yau da kullum. A intanet kuma an mayar da wannan sakamako tamkar hujjar cewa yin gunna yana warkar da sainos, abin da binciken bai ce ba.

Ga kuma tarin ƙananan abubuwa da ke motsa adadin. Shan taba yana rage shi. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci yana rage shi. Sabuwar mura da haɓo suna rikita shi, haka ma iskar ɗakin awon idan tana ɗauke da hayaƙin mota ko na janareta. Yara kuma nasu bai kai na manya ba, don ramukansu ba su gama girma ba.

To da me ake gane cutar?

Ƙa'idar Turai kan ciwon sainos, wadda aka fi sani da EPOS, a bugunta na 2020 ta ce ana kiran ciwon daɗaɗɗe ne idan mutum ya yi aƙalla mako 12 da alamomi biyu ko fiye. Dole ɗaya ta zama toshewar hanci ko majina, ko ta gaba ko mai gangarawa maƙogwaro, sauran su ne ciwo ko nauyin fuska da raguwar jin ƙamshi. Sannan a tabbatar da ido: ko dai a zura siririyar kyamara a ga tsiro ko mugunya ko kumburi, ko a ɗauki hoton siti-sikan. Awon NO ba ya cikin waɗannan sharuɗɗa.

Alaji kuwa daga bakin majiyyaci ake fara gane shi. Atishawa a jere, ƙaiƙayin hanci da ido da ganɗa, majina tsararo kamar ruwa, da tashin ciwon idan an kakkaɓe katifa ko an shiga ɗakin ajiya, duk suna nuni zuwa gare shi. Majina mai kauri da ɓacewar ƙamshi sun fi karkata ga sainos. Bayan bayani sai gwajin fata. Ana ɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a jere a damtsen hannu, kamar 'yan mitsitsin ƙwarin ƙurar gida, kyankyaso, fumfuna, garin fure, gashin kyanwa. A gefe a ɗiga histamin, sinadarin da jiki ke saki lokacin alaji, wanda dole ya tashi, da ruwan gishiri, wanda bai kamata ya tashi ba. A tsaga kowane ɗigo da tsinin ƙarfe ba tare da an fitar da jini ba, a jira minti 15. Inda ya yi kumburin da ya fi na ruwan gishirin da milimita 3 ko fiye, jiki ya san wannan abu. Wanda ya sha maganin alaji irin su piriton a kwanakin da suka gabata, fatarsa za ta iya yin shiru ko da yana da cutar. Hanya ta biyu ita ce a auna IgE, wato garkuwar da jiki ke ƙerawa a kan abin da ke tayar masa da alaji, ta kowane abu a jini.

Gwajin ya nuna eh, ba shi ke nan an kama ɓarawo ba. Mutane da yawa jikinsu ya san ƙwarin ƙura amma ba sa atishawa saboda su. Akwai kuma masu alajin da ya tsaya a fatar hanci kaɗai, gwajin fata da na jini duk su fito babu komai, sai an fesa musu abin a hanci a ga ya tayar. Dangantakar alaji da daɗaɗɗen ciwon sainos ita ma ba ta kai ƙarfin da ake zato ba. Mutum na iya samun tsiro cike da hanci ba shi da alajin komai. Inda alaƙar ta fi bayyana shi ne ciwon sainos na alajin fangas, wato fumfuna, wanda ke tara wata majina mai danƙo kuma ya fi yawa a ƙasashe masu zafi.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙa'idar EPOS ta 2020 ta yi amfani da yawan IgE na jini daga 100, ko fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil daga 250, wajen gane irin kumburin nan na IL-4 da IL-13. An gina waɗannan iyakoki ne a kan al'ummomin da tsutsar ciki ta yi ƙaranci. Tsutsar ciki da tsargiya kuwa suna ɗaga duka biyun ba tare da wani alaji ba. Wani bincike da aka buga a 2013 kan 'yan makaranta a Ghana ya nuna girman matsalar: fiye da kashi 17 cikin 100 jininsu ya nuna IgE na gyaɗa, amma kashi 2 kacal fatarsu ta tashi, kuma an alaƙanta bambancin da kamuwa da tsargiya. Jiki ya ƙera garkuwa ne don wani sukari da ke jikin tsutsar, ita kuma garkuwar tana kama irin wannan sukari a tsirrai. Yaron da ke wanka a dam ko aiki a gonar shinkafa, a ganina bai kamata a karanta takardar jininsa da idon da ake karanta ta yaron Landan ba.

Haka batun hunturu. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa wajen Maris tana busar da hanci ta fusata shi ko babu IgE ko kaɗan. Hayaƙin itace da na maganin sauro na ƙonawa da turare mai ƙarfi ma haka suke yi. Wannan kumburin hanci ne wanda ba na alaji ba, kuma ƙwayar alaji ba ta cika yi masa aiki sosai ba. Sai kuma wanda mutum ke jawo wa kansa da maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. An yi shi ne don 'yan kwanaki, ƙasa da mako. Wanda ya zarce, hancin yana sabawa, da zarar ƙarfin maganin ya sake sai ya toshe fiye da da, ya sake ɗigawa, a yi ta zagaye. Babu na'urar da za ta gano wannan, tambaya ce kawai: me kake ɗigawa, kuma tun yaushe?

Inda awon ya yi rawar gani

Akwai cuta guda da awon NO na hanci ya zama babban makami a kanta, ita ce cutar da ake haifar mutum siliyarsa ba sa kaɗawa yadda ya kamata. Likitoci na kiranta PCD. Majina ba ta fita daga hanci da sainos da kunne da huhu, don haka yaro yana fama da toshewar hanci da jiƙaƙƙen tari kullum tun yana jariri, rani da damina, ga ciwon kunne da ciwon huhu a kai a kai. Kusan rabinsu kayan cikinsu a juye suke, zuciya a dama hanta a hagu, yanayin da ke ɗauke da sunan likita Manes Kartagener, wanda ya bayyana shi a Zurik a 1933. A 1994 aka gano cewa yaran da ke da wannan cuta kusan babu NO a hancinsu. Bambancinsu da lafiyayyu mai faɗi ne ƙwarai, ba irin na alaji da ke cakuɗe da na kowa ba. Wani babban bincike na Arewacin Amurka a 2013 ya tsayar da iyakar nanolita 77 na NO a minti ɗaya, nanolita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na lita. Wanda ya kai shekara 5, yana da alamomin, aka auna shi sau biyu a ranaku daban-daban yana ƙasa da haka, kuma an kawar da zargin cutar sistik faibrosis, wata cutar gado mai kaurara majina, to PCD ce mafi rinjayen zato, sai a bi da gwajin ƙwayoyin gado. Wasu 'yan tsirarun nau'o'in cutar suna zuwa da adadi na daidai, don haka awon ba ya wanke kowa.

Ana gadon cutar ne idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayarta a ɓoye, shi ya sa ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Yaron da ya yi shekaru ana ba shi maganin mura da na nimoniya, ko ma a yi ta zargin tarin fuka ana gwadawa ba a samu ba, ya cancanci a kawo wannan cuta cikin lissafinsa.

Amfani na biyu shi ne bibiyar mutum guda. Kwatanta adadin wani da na wani ba ya kai mu ko'ina, amma kwatanta na mutum kafin tiyata da nasa bayan tiyata, da na'ura ɗaya da hanya ɗaya, yana iya nuna ko ƙofofin sun buɗe ko sun sake rufewa. Na uku, haɗa shi da awon NO na huhu, wanda ya fi shi tsayuwa da ƙafafunsa. Ƙa'idar Amurka ta 2011 ta ce a baligi ƙasa da 25 ppb kaɗan ne, sama da 50 kuma yana nuna kumburin da ke jin sitiroyid; a yara iyakokin 20 da 35 ne. Mai tsiron hanci da adadin NO na hancinsa ya faɗi, na huhunsa kuma ya hau, ya kamata a bincike shi asma ko da bai taɓa korafin numfashi ba, a kuma tambaye shi ko asfirin ko ibufurofen na tayar masa da shaƙewa, domin abubuwan nan uku kan zo tare. Irin waɗannan majiyyata ne aka yi wa allurar dupilumab, mai toshe hanyar IL-4 da IL-13, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don tsiron hanci a 2019, ko da yake kuɗinta ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane.

Ga asibitin da kuɗinsa ƙalilan ne, ni dai kyamarar leƙa hanci da kayan gwajin fata zan fara saye kafin na'urar NO, sai fa idan cibiya ce ta yara masu ciwon huhu. Akwai ma alamomin da ba sa jiran ko wane awo. Toshewar ɓangare ɗaya kawai da ke ƙaruwa, musamman da jini, a babba, sai an kawar da zargin ƙari. Majina mai wari daga ƙofa ɗaya a ƙaramin yaro yawanci wani abu ne ya cusa, wake ko dutsen ado ko guntun soso. Kumburin ido, ganin abu biyu-biyu, ko matsanancin ciwon kai da zazzaɓi a kan ciwon sainos kuwa na nufin ciwon ya fara ƙetare ƙashi zuwa ido ko ƙwaƙwalwa, kuma a ranar ake zuwa asibiti.